Mota Da Lambar Jikinta: Jawabi Ga Ɗalibai Da Ƙananan Ma'aikata 'Yan Ƙasar Gammo



Kusan duk wanda ya fito daga Gammo, ko Garo, ko Kabo, ko Gwarzo, ya kama aikin gwamnati, ba ya shekara uku sai zancen mota ya shiga ransa. Ba ma ganin laifinsa, domin mun san wahalar jiran mota a hanyar Kano zuwa Gwarzo. Amma kuɗin motar nan sau da yawa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai rancen ofis a ciki, akwai adashi, wani lokaci har da bijimin da tsoho ya sayar. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan abin da mai saye zai duba kafin ya miƙa wa dillali la'ada.

A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a 1975, ma'aikaci yakan sami sabuwa fil. Yau kuwa yawancinmu sai ta hannu, wadda ake kira 'yar Kwatano, wadda ta riga ta yi rayuwa a Amurka ko Turai. Wannan rayuwa tata tana rubuce cikin lambar jikinta, wadda makanikai ke kira lambar casis.

Tun 1981 aka daidaita lambar nan a Amurka ta zama haruffa da alƙaluma 17. Ba a sa I, ko O, ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. In kun ga ɗayansu, to hannu ya taɓa ta. Farkonta yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J Japan ce, W Jamus, 2 Kanada, 1 da 4 da 5 kuwa Amurka. Amma wanda ya fi damunmu shi ne na goma, domin a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka shi ke nuna shekara. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. 2010 ita ce A, 2011 B, 2012 C. To, ga inda ake cin mutane: a canza wa mota fitilu da bamba, a fesa fenti, a ce ta 2012 ce. Ku ƙirga zuwa na goma. In kun tarar da 8, ta 2008 ce, ko da dillali ya yi ta rantsuwa.

Sa'an nan a shigar da lambar a intanet, wajen kamfanoni irin su Carfax, a biya kuɗi kaɗan. Za a ga ko ta yi haɗari, ko inshora ta yi gwanjonta, ko an mayar da mitarta baya, ko ruwa ya taɓa cinye ta, kamar ɗimbin motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Texas a 2017. Irin wannan tana tafiya lafiya lau da rani, sai damina ta kama wayoyinta su fara hauka.

Sai dai rahoton nan iyakarsa bakin teku. Abin da ya sami motar tsakanin tashar jirgi da Kano, ido ne zai gano shi. A duba lambar da ke gindin gilashin gaba, da ta ginshiƙin ƙofar direba, da wadda aka buga a jikin ƙarfe, a gwada su da ta takardun kwastan harafi da harafi. In an ga alamar walda ko goge a wurin, a haƙura, domin motar sata in 'yan sanda sun tare ta, wanda ke riƙe da sitiyari suke kamawa. A tuna kuma, a ranar 1 ga Janairun 2017 dokar gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu ta fara aiki, saboda haka takardar fito abar tantancewa ce a ofishin kwastan na Kano, kafin a biya ko kwabo.

Ranar zuwa ciniki, a tafi da makaniken gida, ba wanda dillali ya kawo ba, a kuma tafi da tocila, domin lambar ƙarfe takan ɓuya ƙarƙashin ƙura da baƙin mai.