Daga Ɗakin Awon Jini Zuwa Kujerar Likitan Haƙori



A ƙasar Hausa wushirya ado ce, mai ita kuwa ba ya neman magani. Amma akwai wadda takan ɓullo wa mutum bayan ya haura shekara talatin ko arba'in, haƙoransa su riƙa rarrabewa, haɓarsa ta riƙa turowa gaba, zobe ya matse masa yatsa, takalmi ya yi masa kaɗan. Wannan ba ado ba ne, alama ce ta ciwon da likitan Faransa Pierre Marie ya raɗa wa suna akromegali a 1886. Asalinsa wani ƙari ne a fituwitari, watau wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ke sa ta zuba homon na girma cikin jini fiye da kima. Sau da yawa likitan haƙori ne ke fara ganin irin wannan mutum.

To, me zai faru in likitan ya ɗaura masa waya nan take? Wayar gyaran haƙori da matsi take aiki: ƙashin da ke gefen da aka matsa ya zaizaye, sabo ya tsiro a ɗaya gefen, haƙori ya gusa sannu a hankali. Amma muddin muƙamuƙi na ci gaba da girma, harshe na ƙara kauri yana tura haƙora, aikin zai warware. Mafi muni kuma, ƙarin yana nan yana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, har yakan danne jijiyar gani. Lalle sai an auna jini tukuna.

A nan ne wahalar take, domin homon ɗan mitsitsi ne ƙwarai a cikin jini. A da, sai a yi wa ɓeraye allurar abin da ake son aunawa, a jira a ga yadda ƙashinsu zai girma, hanya mai tsawo da ba ta iya gano kaɗan. Rosalyn Yalow da Solomon Berson, a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx a Amurka, su ne suka warware matsalar a 1959, da homon ɗin insulin suka fara.

Bari in kwatanta dabararsu da tashar mota. A ce mota tana da kujera goma, aka tara mutum goma masu jar hula, sa'an nan aka sako wasu marasa hula waɗanda ba a san yawansu ba, kowa na rububin shiga. In ka ƙirga masu jar hula da suka sami wuri, za ka iya lissafa yawan abokan hamayyarsu. Kujerun su ne ƙwayoyin garkuwar jiki da aka samo daga jinin ɓeran Masar. Masu jar hula homon ne da aka liƙa wa aidin mai fitar da tururin nukiliya, wanda na'ura ke ƙirgawa. Marasa hula kuwa homon ɗin majinyaci ne. A 1963 aka auna homon na girma ta wannan hanya. Yalow ta sami lambar Nobel a 1977, Berson kuwa ya riga ya rasu tun 1972.

A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka musanya aidin da wani sinadari mai sauya launin ruwa, hanyar da ake kira ELISA. Yawancin manyan ɗakunan awo a yau da mai fitar da haske suke aiki, amma tushen ɗaya ne.

Sai dai fa lamba ba ta magana da kanta. Homon na girma ba kullum yake gudana daidai ba, tsartuwa yake yi, musamman cikin barci, saboda haka awo ɗaya kan iya yaudara. Shi ya sa ake auna IGF-1, wanda hanta ke yi bisa umurninsa, domin shi ba ya hawa da sauka haka. In aka ga ya yi yawa, sai a shayar da mutum giram 75 na gulukos: a jikin mai lafiya homon na girma zai faɗi, a jikin mai ƙari kuwa ya ƙi. In ya tabbata, likitan tiyata ya cire ƙarin ta hanci, a bari awo ya daidaita, sa'an nan mutumin ya koma kujerar likitan haƙori.