Ciwon Dajin Ƙoda da Binciken Ƙwayoyin Gado

Jawabi ga fatake da mahauta na Kasuwar Artisan ta Inugu, da 'yan'uwansu mazauna Anacha da Fatakwal.

Kowane mahauci ya san ƙoda, domin kullum tana ratsa hannunsa. Ɗan Adam ma yana da guda biyu, aikinsu tace jini da fitar da dattinsa ta fitsari. Wani lokaci tsiro yakan fito a cikin ƙoda, ya daɗe yana girma ba tare da zafi ba. Wannan shi ne ciwon dajin ƙoda.

Dillalin shanu yakan dubi haƙoran dabba ya faɗi shekarunta. Haka masana ke neman alamun wannan cuta a cikin ƙwayoyin gado, watau umarnin da mutum ya gada daga iyayensa, wanda ke jere a kan zare 46 a kusan kowace ƙwayar jikinsa.

A shekarar 1993 aka gano wata ƙwayar gado mai suna VHL a kan zare na 3. Idan ta lalace, ƙwayar ƙoda takan ɗauka iska ta yanke mata, sai ta jawo sababbin hanyoyin jini, tsiro ya sami abinci. A shekarar 2013 masana a Amurka suka kwatanta tsiro fiye da 400 da kwamfuta. Sun tarar VHL ce ta fi yawan lalacewa, sai maƙwabciyarta PBRM1. An kuma lura cewa cutar takan fi tsanani idan wata mai suna BAP1 ta lalace. Fahimtar aikin VHL ce ta share fagen magunguna irin su sunitinib a 2006, da belzutifan a 2021.

Wannan bincike ya shafi Nijeriya ƙwarai. A shekarar 1995 likitoci suka bayyana wani nau'in cutar da ke kama matasa, kusan dukkansu masu ɗauke da gadon sikila. Nau'in ba shi da yawa ko kaɗan, amma kimanin mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan jininsa AS ne. Bugu da ƙari, galibin tsiron da aka bincika na Turawa ne, saboda haka ana bukatar ƙarin bincike a asibitocin gida.

Duk da wannan ci gaba, har yanzu babu gwajin jini ko na fitsari da ake yi wa jama'a don gano cutar tun da wuri. Hoton ciki ne ke nuna ta. Don haka kada wanda ya ga jini a fitsarinsa ya yanke cewa tsargiya ce, ya tsaya ga jiƙo. Haka nan mai ciwon kwiɓi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da uwar da ta ji ƙullutu a cikin ɗanta. Su nufi asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla kusa da Inugu, ko na Nnewi kusa da Anacha, ko na Jami'ar Fatakwal.

Shan taba da ƙiba da hawan jini suna ƙara haɗarin cutar. Tsiron da aka gano tun bai fita daga ƙoda ba, sau da yawa tiyata kan raba mutum da shi, kuma ƙoda ɗaya mai lafiya ta ishe shi rayuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.