Ƙafa da Birki: Tsohuwar Mota a Hanyar Bagega



An nemi mu yi magana a kan mota, mu kuwa muka zaɓi sashenta wanda ido ba ya kai wa. Kowa ya san abin da ma'aikaci kan yi in Allah ya hore masa motarsa ta fari, wadda galibi tsohuwa ce da ta sha hannu. Sai ya kai ta wurin mai fenti, ya sa rediyo, ya lulluɓe kujeru. Ƙarƙashinta kuwa, inda ƙafa da birki suke, sai ran da aka ji ƙara. A ganinmu tsarin nan a juye yake. Inji in ya mutu, ajiye mutum yake yi a bakin hanya. Ƙafa da birki in sun ci amana, ba lalle ne a sami bakin hanyar ba.

Bari mu auna maganar nan a kan hanya guda. Malamin makaranta ko na asibiti da aka tura Bagega zai tashi daga Gusau ya bi kwalta zuwa Anka, sa'an nan ya nausa daji. A 2013, sa'ad da ake aikin kwashe ƙasar da gubar dalma ta gurɓata a garin, hanyar nan ta ƙasa ce, ƙura da rani, taɓo da damina, kuma haka hanyoyin ƙauyuka da dama suke a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Ga shi kuma rashin tsaro ya sa ba wanda ke so magariba ta riske shi da mota a kan jak.

Irin hanyoyin nan ne suka yi wa Peugeot suna. Masana'antarta ta Kaduna ta fara aiki a 1975, aka yi ta haɗa 504 har 2006, kuma abin da direbobi suka yaba mata shi ne ƙafa mai haƙuri da rami. To, amma ƙarfe ma yana gajiya, balle roba.

Mutane da yawa sun ɗauka shokazoba kayan jin daɗi ne, watau don kada ƙugu ya sha wuya. Ba nan aikinta ya tsaya ba. Sifirin ke ɗaukar nauyi, ita kuwa ita ke hana shi rawa, ta danne taya a ƙasa. In manta ya tsiyaye, taya sai ta riƙa tsalle a kan gargadar burji, tayar da ke sama kuwa ba birkin da zai kama da ita. Saboda haka mai matacciyar ƙafa ya rage wa kansa birki ko da jiya ya sa sabo. Gwajin ba shi da wuya: a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki, in ta taso ta tsaya, da sauran rai, in ta yi ta lilo, ta gama. A ɗaga ta kuma a kan jak, a sa mata madogari mai ƙarfi, a girgiza taya. Motsi daga sama zuwa ƙasa yakan nuna boris ko boljoyin, daga gefe zuwa gefe kuwa tayarod. Boljoyin ɗin nan ƙarami ne, ba ya cika tafin hannu, amma in ya fita taya kwanciya take yi, sitiyari ya zama ado.

A nan ne tsimi ke shigowa. Bakanike ya ce a canja biyu, mai mota ya ce ai ɗaya ce ta lalace. Bakaniken ne da gaskiya. Shokazoba da fatar birki bibbiyu ake sa su, hagu da dama, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda duk sa'ad da aka taka. Kayan Beljiyam ba laifi ga ƙofa ko fitila, amma robar bushin da tiyon birki na gwanjo sun riga sun tsufa a wata ƙasa. Sabon bushin kuma ba a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka ta zauna a kan ƙafarta, sa'an nan a kai ta a daidaita tayoyi.

Game da man birki, akwai ɗabi'u biyu da muke so a ji kunyarsu. Ta fari, zuba ruwan sabulu a madadinsa. Ta biyu, toshe bututun da ke yoyo da ƙusa, a ci gaba da tafiya da birkin ƙafa uku. Shi man nan ma da kansa yana shan danshi daga iska, in ya sha kuwa yakan tafasa sa'ad da birki ya yi zafi, feda ta tafi ƙasa ba komai. Don haka masu ƙera motoci da yawa suka ce a juye shi duk shekara 2. Wanda ya ratsa rafi da damina kuma ya riƙa taka birki a hankali har ya bushe, kafin ya ƙara gudu.

Sai ƙura. Mutanen Bagega sun san abin da ƙura ke yi fiye da kowa, domin ƙurar niƙan dutsen zinariya ce ta kai dalma cikin gidaje, annobar da aka gano a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara. Ƙurar da ke cikin daram ɗin tsohuwar mota ba dalma ba ce, amma tana iya ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. Yaran gareji kuwa da baki suke hure ta. Ku da ke biyan kuɗin aiki kuna da bakin magana: ku ce a jiƙa tsumma a goge, a kuma wanke hannu kafin a ci abinci.

In an gama aiki, kada a fita gareji sai an taka feda an ji ta yi tauri, an kuma gwada birkin a fili ba fasinja a ciki.