Fina-finai Iri Uku: Ƙarfinsu da Rauninsu



Fim ɗin fargaba, irin Psycho na Alfred Hitchcock na 1960, yakan riƙe mai kallo da ɓoye asiri. Amma da asirin ya tonu, sai armashin sake kallo ya ragu. Fim ɗin gwarzo mai ƙarfin al'ajabi, kamar Superman na 1978, yakan ƙayatar da ido, sai dai tun farko an san gwarzon ba zai kwashi kashi a hannu ba. Barkwancin marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro kuwa, da kuɗi kaɗan aka shirya shi, hoto da sauti sukan gaza, amma ya nuna wa talaka rayuwarsa cikin harshensa. Saboda haka masu shirin fim a Kano su fara gyara labari tun kafin su nemi jari.