Wa Ya San Ka a Garin Nan? Magana da Gwagwaren Zango



Maganar yau wani saurayi ne ya jawo ta. Ya aiko mana saƙon murya daga Yendi, ya ce shi mutumin ƙasar Maraɗi ne, watansa takwas a Gana yana taya wani sayar da kayan babur. Ba mata, ba ɗan'uwa. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku a ɗaki, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai mai gidan haya, shi ma kuɗin wuta ya zo karɓa. Yana tambaya, wai a ina ake samun mutane a garin da ba naka ba?

To ɗan'uwa, da kai nake, kai da ire-irenka: mai jigilar albasa tsakanin Bawku da Kumasi, da ɗan kamasho, da yaron da aka ba shanu ya shiga daji da su.

Ka san ba kai ka fara zuwa ƙasar nan da gwauranci ba. Kakanninmu fataken Gwanja da ke tasowa daga Kano da Katsina neman goro, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanin Mango da Yendi har Salaga, da yawansu samari ne irinka. Amma su ba sa isowa ba a san su ba. Wata da watanni suna tafiya cikin ayari ƙarƙashin madugu, tare ake ɗaure wa jaki kaya, tare ake gadi da dare. Kafin a ga rijiyoyin Salaga kowa ya san mai rowa, ya san wanda za a bar wa ajiya. Suna sauka kuma akwai maigida: shi zai ba ka masauki, ya nemo maka mai saye, ya ci la'adarsa, in rigima ta taso shi zai tsaya maka gaban sarki. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutane suka bazu Yeji da Kintampo da Karachi, wannan tsari suka ɗauka suka tafi da shi. Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga ya ƙare rayuwarsa a Karachi a 1934, karatu ne ya tara masa jama'a a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyarsa ba.

Kai fa? Mota ta sauke ka cikin kwana biyu, waya na aljihu. Dare ya yi ka rufe ƙofa, ka kwana kana hira da 'yan garinku a WhatsApp. Can gida an san abin da ka ci da rana, amma mai kokon bakin layinku ba ta san sunanka ba. Ni ma na yi haka shekarata ta farko a wurin aikin nan, don haka ba gori nake maka ba.

Abin da na gano shi ne, a zango ba a fita neman aboki kamar mai neman ɓataccen akuya. Wuri ake kamawa, a riƙa ganinka a nan kullum, har ranar da ba ka zo ba wani ya ce, yau ina wane? Masallacin unguwa shi ne na farko. Ba wai yau nan gobe can ba. Ka riƙe guda, kuma in an sallame kada ka zari takalmi kamar wanda aka biyo. Ka tsaya ka gaisa da liman, ka faɗa masa garinku da sunan mahaifinka da aikin da ya kawo ka. Wannan gaisuwar ta minti biyu, wata rana ita ce shaidarka.

Sai hidimar jama'a. In an yi rasuwa a layinku, ko ba ka san mamacin ba, ɗauki shebur ka bi masu gina kabari. In suna ne ko ɗaurin aure, kama benci, kama ƙafar rumfa. Mutanen zango suna iya manta wanda ya ba da sidi hamsin, amma ba sa manta baƙon yaron da suka gani da ƙasa a gwiwar wando a maƙabarta. Daga nan ne za ka ji an ce, zo ka sha ataya.

Wurin atayan nan, wanda samarin Gana ke kira bes, mu kuma can gida mu ce majalisa ko fada, a nan ake jin ɗakin haya mai sauƙi, da motar da ke neman yaro, da farashin sefa a Sankasi. Amma ka zauna sati guda kana saurare kafin ka ce nan ne wurinka. Akwai bes ɗin da hirarsa ƙwallo ce da kasuwa, akwai wanda tiramol ke zagayawa bayan kofi na biyu, akwai kuma wanda ɗan siyasa ne ya saya musu benci da butar shayin, ranar zaɓe zai zo karɓar bashinsa. In ƙafarka na taɓa ƙwallo, filin yamma ya fi ko'ina saurin haɗa mutane, don a can ba a tambayar yarenka kafin a ba ka fas. Makarantar dare ma haka, ko zaman wazifa ga mai ɗarika.

Adashi, wato susu, shi ma ƙungiya ce, kuma yana sa a san amanarka. Sai dai kada ka fara da shi. Ka bari sai ka san gidan uwar adashin, ka san su wa suka kwasa a zagayen baya. Baƙo shi ake ba kwasar ƙarshe, ka sani, kuma in abin ya rushe shi ne ba shi da wurin kai ƙara.

Wani kuskuren da muke yi mu Hausawa, mukan ɗauka tunda ana jin harshenmu a kasuwa, shi ke nan. A Yendi kana ƙasar Dagwamba ne. Ka koyi cewa dasiba da safe, ka koyi amsawa da naa, ka ga yadda fuskar dattijo za ta sake. In watan Mauludi ya kama ana Damba, ka je ƙofar fadar Gbewaa ka yi kallo tare da maƙwabtanka, ka tambaye su ma'anar abin da makaɗa ke faɗi. Da ɗan gari akan ci gari.

Ɗan'uwana makiyayi, na san naka ya fi wuya, don kai abokan hirarka saniya da rediyo. Ranar kasuwa kada ka sayi gishiri da batir ka juya. Ka nemi sarkin Fulanin yankin ya san fuskarka, ya san shanun wa kake kiwo. Ranar allurar dabbobi ka fito, in Tabital Pulaaku ta kira taro kusa da kai ka leƙa. Kuma manomin da kake wucewa ta gefen gonar doyarsa, in an yi masa rasuwa ka je gaisuwa da ƙwaryar nono. Ranar da maraƙi ya kuɓuce ya shiga gona, maganar da za a yi da wanda aka taɓa gani a zaman makoki daban take da wadda za a yi da wanda ba a san daga ina ya faɗo ba.

Yanzu Bawku. A nan zan rage murya. Kowa ya san rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya sake tashi tun ƙarshen 2021, da dokar hana fita da ta biyo baya. A garin da ke cikin wannan hali, inda ka zauna shan shayi ma ana iya fassara shi. Ka tambayi maigidanka unguwar da za ka bi da wadda za ka kauce wa, ka tsaya cikin 'yan sana'arka, 'yan albasa ko 'yan kara ko direbobi. Duk zaman da aka fara lissafin wane namu ne wane nasu ne, ka tuna kana da uzuri, ka tashi. A Yendi ma, ko da yake an naɗa Ya-Na Abukari na biyu a Janairun 2019 an samu kwanciyar hankali, zancen gidan Abudu da gidan Andani ba na bakinka ba ne.

Kada kuma zaman lafiya da jama'a ya sa ka manta takarda. Tsofaffin zango suna tuna Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fice. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ɗan ƙasashenta ba biza, ba shekara uku ba. Sarkin zango zai iya cewa ya san ka, amma ba zai zama katinka ba. Ka riƙe duka biyun.

Na san wasunku tun ɗazu jira suke in zo kan aure. To ga shi. Ranar da ka ga yarinya a zango ka aika, tambayar farko da waliyyinta zai yi ita ce, wa ya san shi? Ba ka da baffa a nan, ba ka da kawu. Limamin nan da kake gaisarwa, da dattijon da kuka yi gina kabari tare, su za su sa hula su je su karɓa maka. Ke ma 'yar'uwa mai saro atamfa ko kayan miya, da ke zaune ke kaɗai, ƙungiyar matan kasuwa da Islamiyyar Asabar da Lahadi su ne danginki a nan, ranar daɗi da ranar wuya.

Shi kuwa mai saƙon Yendi, mun kira shi kafin mu shigo. Ya warke, ya ce ranar Juma'a zai tsaya ya gaida liman. Mun ce ya sake kiranmu bayan wata guda mu ji ko mai koko ta san sunansa. Mako mai zuwa za mu duba farashin shanu da dogon layin motoci a iyakar Kulungugu. A huta lafiya.