Sai Bango Ya Tsage: Jawabin Kwamiti a Bikin Cikar Shekara

Iyayenmu mata, fastocinmu da matansu, 'yan'uwa na rassan Jega da Aliero da Maiyama: Mun san abin da kuɗin mota ya zama tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, don haka duk wadda muka gani a nan yau ta yi ƙoƙari. Allah ya mayar da ninki.

Kan maganar da aka ba mu daga wasiƙar Bulus ce zuwa ga Afisawa, sura 6, inda yake gargaɗin masu bi su tsaya da ƙarfi gaban makircin Iblis. Kalmar da ta tsaya mana a rai ita ce makirci. Mai makirci ai ba ya zuwa da kiɗa. Mu kan zaci Shaiɗan sai a mugun mafarki ko a gidan boka, alhali mu dai a bana cikin littafin bashi muka same shi zaune.

Bari mu faɗi abin da kowa ta sani amma ba a faɗa a taro. Bara wasu daga cikinmu sun karɓi rance daga asusu, suka sayi albasa a Aliero lokacin kaka tana da araha, suka zuba a rudu suna jiran farashi ya tashi. Dabara ce mai kyau, haka 'yan kasuwar albasa ke yi tun kafin a haife mu. Sai zafi da laima suka shiga, da aka buɗe rudu hanci ne ya fara ba da labari. Wannan asara ce, kuma asara ba zunubi ba ce. Abin da ya biyo baya shi ne maganarmu. Kunya ta hana 'yan'uwan nan zuwa taro. Wata ɗaya, wata biyu, kujerunsu babu kowa. Mu kuma maimakon mu taka mu je gidajensu, sai muka zauna muna lissafi da baki. Aka ce wance ta yi sabon zane, da wane kuɗi? Daga nan magana ta koma kan ma'ajinmu, baiwar Allah da ta yi shekaru tana riƙe da littafi ba a taɓa samun ko kwabo ya yi ciwon kai ba. Har 'yan'uwa na Maiyama suka fara shawarar zare kuɗinsu. Mu na kwamiti ba mu wanke kanmu ba, mun ji, mun yi shiru, wasunmu ma mun ƙara gishiri.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bulus ma ya faɗi irin wannan a sura 4, inda ya hana mu kwana da fushi don kada mu ba Iblis ƙofa.

Akwai mata biyu a Littafi Mai Tsarki da ya kamata kowace 'yar ƙungiya ta san labarinsu. Ta farko Safiratu, matar Hananiya, a Ayyukan Manzanni sura 5. Sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo saura kamar shi ke nan. Ku lura da kyau, Bitrus bai ce dole su kawo duka ba. Ya nuna wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma yana hannunsa. Ƙaryar ce laifin, kuma Bitrus ya ambaci sunan wanda ya cika masa zuciya da ita, wato Shaiɗan. Bayan kamar awa uku Safiratu ta shigo, aka tambaye ta farashin, aka ba ta damar faɗin gaskiya, ta maimaita abin da suka ƙulla. Kun san ƙarshenta.

Ta biyu ba a ma faɗi sunanta ba. Tana 2 Sarakuna sura 4, gwauruwa ce, mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bin bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ba ta kulle kanta a ɗaki ba. Ta je wurin annabi Elisha ta faɗi halin da take ciki, ya tambaye ta abin da ya rage a gida, ta ce ɗan mai ne kawai. Ya aike ta ta aro tuluna wurin maƙwabta. To, ku yi tunani, mace mai bashi tana bin gida gida tana aron tulu, ai duk unguwa ta san sirrinta ke nan! Amma a cikin tulunan maƙwabtan nan man ya yi ta zuba, ta sayar, ta biya bashi, ita da yaran suka ci saura. Mu a ganinmu wannan tafiya ta gida gida ita ce bangaskiya, don da ba ta gaskata Allah zai cika tulunan ba, da ba ta tona kanta ba.

Shi ya sa Bulus ya kira bangaskiya garkuwa. Garkuwar sojan Roma babba ce, ta katako da aka lulluɓe da fata, kuma a fagen yaƙi sojoji kan jera su gefe da gefe har su zama kamar bango. Wanda ya ware shi kibiya ke samu. Muryar da ke ce miki kada ki je taro za su yi miki dariya, ki gane mai ita. Ita ce kuma ke biyo baya da shawarar ki sa ɗan abin da ya rage a wata harka ta waya mai ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ki biya bashi ba wanda ya sani. Ba mu manta da MMM ba, yadda aka rufe asusun mutane a Disambar 2016 ana dab da Kirsimeti. Suna kawai suke canzawa. Ubangijinmu ma da yunwar kwana 40 aka zo masa da maganar mayar da duwatsu gurasa, ya ƙi.

Abin da ya cece mu bana, wata tsohuwa ce daga reshen Jega da ta hau mota da kuɗinta ta je gidan ɗaya daga cikin masu bashin, ta zauna a tabarma, ba ta tambayi kuɗi ba, ta ce su yi addu'a. Lahadin da ta biyo baya 'yar'uwar ta zo taro tana kuka, ta faɗi abin da ake bin ta da abin da za ta iya biya duk mako. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, ko da yake har yau akwai kujerar da muke jira.

Mama ma'aji, a gaban jama'a muka ɓata miki suna, a gaban jama'a muke roƙon gafara. Ki yafe mana.

Daga wannan wata, za a riƙa karanta littafin asusu da ƙarfi a kowane taro, a rassa ukun duka. Wadda kuma ta ga ba za ta iya biya a kan lokaci ba, ta faɗa kafin ranar ta zo, za a sake tsara mata biya ba tare da tara ba. Bayan an ci abinci sakatariya za ta zauna da littafin a ƙarƙashin dalbejiyar can har zuwa ƙarfe huɗu.