Madobiya Ta Yi Mana Nisa



Maganarmu ta yau a kan madobiya ce, itacen nan da 'yan lodi suka laƙaba wa suna "madirid". Duk wanda ya girma a ƙauye ya san ta. Da rani takan zubar da ganye ta yi fure rawaya. In aka sare ta sai ta fitar da ruwa ja wur, kamar jini. Katakonta nauyi gare shi, gara ba ta cinsa da daɗi, ga shi in kafinta ya goge shi yakan yi zane mai kyan gani. Fulani kuwa ganyenta suke sassabe wa shanu in ciyawa ta ƙare.

To, sai mutanen Sin suka gano tana kama da jan katakon da suke yin kujeru masu tsada da shi. Nan fa aka shiga daji da injin yanka, daga Taraba har Kogi, mu ma nan Neja ba a bar mu ba. Ana loda guma-gumai a tirela sai Legas, sai jirgin ruwa. A 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES suka zauna a Johannesburg suka sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da takarda. A 2018 aka dakatar da cinikin ta Nijeriya gaba ɗaya. Amma kafin nan manyan sun tafi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da hannunmu a ciki. Mu ne dillalai, mu muka san hanyar ƙauyukan Gwari da Nufawa. Mun sayi itacen da ya girme mu a kan kuɗin da bai kai buhun masara ba, muna ganin mun yi wayo. Yau kafinta a Minna zai nemi madobiya busasshiya ta yin ƙofa, sai a miƙo masa ɗanyen malaina, wata uku ta kantare.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaman tare. Baƙon Sin ya koma gida. Mai gari in ya dubi kututture, Bahaushen da ya kawo mota yake tunawa, kuma gobe wurinsa za mu koma sayen doya.

Saboda haka muna roƙon Shugaba ya tara 'yan katakonmu kafin taro na gaba, a yi magana a kan masu kai injin daji da dare.